Makullin Bawul na Baba a Njamena

A Potiskum na gane na yi wa Baba sata ban sani ba. Mun tsaya sallar azahar, na zura hannu a aljihu zan ciro hankici, sai na taɓo makullin bawul ɗinsa. Ga wanda bai taɓa zama wurin mai faci ba, wani ɗan siririn ƙarfe ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, bakinsa a tsage. Da shi ake kwance ɗan harshen da ke cikin bawul ɗin taya, da shi kuma ake ɗaure shi. Guda ɗaya tak Baba yake da shi, kuma makullin ya girme ni. Da safiyar ranar na yi wa wani babur faci kafin in bar Birnin Kudu, na jefa shi a aljihu kamar yadda na saba.

Ban gama alwala ba waya ta yi ƙara.

"Sabi'u, ina makullina?"

Babu ya hanya, babu kun kai ina. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, yana aljihuna."

Ya ce, "To, ba komai. Ai ba za ka daɗe ba. Ka taho mini da shi."

Wannan magana ta fi zagi yi mini zafi. Tun ina yaro nake zaune da Baba a ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin babban titi, muna facin tayoyin babura da motocin da ke wucewa Bauchi da Maiduguri. Na kai shekara ashirin da shida ban san wata sana'a ba. Da na ce masa zan tafi Chadi koyon gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi bencina yana nan, ba zai ba kowa ba. Wato ya riga ya gama lissafin cewa zan dawo hannu rabbana in zauna inda na tashi. A nan Potiskum, ƙafata ɗaya a jiƙe, na yi wa kaina alkawari ba zan koma kan bencin nan ba sai da sana'a a hannuna.

Wanda ya ɗauko ni wani mutumin garin Sara ne da ake kira Ɗanliti, mai yawan kawo mana faci idan ya taso daga kasuwa. Shi ya ce ƙaninsa yana da babban shagon gyaran esi a Njamena, yana neman mutum mai hankali. Ni kuma na ji an ce mai hankali, na ɗauka da ni ake.

Daga Damaturu zuwa Maiduguri shingen jami'an tsaro ba ya ƙirguwa, a sauka, a hau, a sake sauka. A Maiduguri muka kwana biyu a tasha muna jiran ayarin da za a bi zuwa Gamboru. Duk wannan bai rage mini ɗoki ba. Komai na gani sabo ne, ina ta leƙe ta taga kamar ɗan ƙauyen da aka kai Kano ranar farko. Abin da ya dame ni kawai buhunan barkono biyu na Ɗanliti, waɗanda tun daga gida ni nake ɗauka, ni nake saukewa. Da su na tsallaka Kamaru, a kansu na zauna har Kusuri, kan wata hanya da ta girgiza mini hanji. Ban taɓa yin atishawa a rayuwata irin ta kwanakin nan ba.

Da hantsi muka haye gadar da ta haɗa Kusuri da Njamena. Ɗanliti ya tsayar da 'yan acaɓa biyu, ya ɗaure buhunan a ɗaya, ya ɗora jakata a kai don kada ta dame ni, ya hau ɗayan.

"Tsaya nan inuwa, Sabi'u. In sauke kaya in dawo da ƙanin nawa ya ɗauke ka a mota."

Har na yi masa godiya. Na tsaya har azahar, na tsaya har la'asar. Na kira wayarsa, a kashe. Sai a lokacin na sha jinin jikina cewa ɗan dako kawai mutumin nan yake nema, kuma ya samu na banza tun daga Jigawa. Na laluba aljihuna, abin da ya rage mini a duniya takarduna ne da waya da makullin Baba. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mutane suna wucewa suna Larabcinsu da Faransancinsu, ni ko ruwa ban san yadda zan roƙa ba.

Akwai wani dattijo mai shayi a gefen titin da ya daɗe yana kallona. Ya ji ina salati ina tsine wa barkono da Hausa, sai ya yafito ni.

"Samari, daga ina?"

"Birnin Kudu, Baba."

Ya ajiye butar da ke hannunsa. "Birnin Kudu ta duwatsu? Ikon Allah. Ni mutumin Fagam ne. Zauna, zauna."

Sunansa Malam Buba, ya fi shekara talatin rabonsa da gida. Kafin in shanye kofi ɗaya ya yi mini tambaya ta fi ashirin. An yi damina mai kyau bana? Har yanzu kasuwar Sara tana cika? Hanyar Gwaram fa, an gyara ta? Ina ba shi amsa yana murmushi, idonsa yana ƙyalli. Ya ba ni tabarma a ɗakinsa da rigarsa guda, wadda ta sauko mini har gwiwa. Da na ba shi labarin abin da ya kawo ni, ya ce ƙanin Ɗanliti dai bai san shi ba, amma akwai mai gyaran esi da yake shan shayi a wurinsa kullum da safe.

Usta Barka ke nan. Usta shi ne yadda suke kiran ƙwararren mai sana'a. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kuma yana jin Hausa saboda ya yi zaman Maiduguri. Ya dube ni daga rigar aro har silifas.

"Me ka iya?"

"Faci, Usta."

"Facin me?"

"Taya."

Ya yi dariya har shayinsa ya zube. Amma da Malam Buba ya sa baki, ya ce zai gwada ni wata ɗaya. Aikina ɗaukar tsani da tukunyar gas. Ya nuna mini geji, agogo biyu masu allura da tiyo uku da ake auna ƙarfin gas da su, ya ce kada in kuskura in taɓa shi.

Ban taɓa jin daɗin wahala irin na wannan watan ba. Zafin Njamena sai wanda ya je, ƙarfe ma ba ya taɓuwa da rana, ga tukunya a kafaɗa, ga hawa bene. Amma duk lokacin da aka buɗe cikin inji sai in manta da ƙishirwa. Na fahimci esi gida biyu ce, ta cikin ɗaki da ta waje, bututun jan ƙarfe biyu suka haɗa su, gas yana zagayawa yana kwasar zafi daga ciki yana zubarwa a waje. Ranar da Usta ya yi mini bayani mafi girma kuwa, kamar in yi tsalle.

Ya ce, "Gas ba man fetur ba ne, ba ya ƙonewa. In ya ragu, akwai inda yake fita. Wanda ya ƙara gas bai nemo yoyon ba, cutar mutane ya yi."

Na ce, "Usta, ai wannan dokar Babana ce. Ba a ba taya iska sai an ga hudar."

Ya ce in rufe baki in riƙe tsani.

Na riƙe tsanin, amma idona a buɗe. Na ga yadda suke fara neman wurin da mai ya yi naso ƙura ta manne, don gas idan zai fita yakan fito da ɗan mai. Na ga yadda Abakar, babban ma'aikacin Usta, yake kaɗa ruwan sabulu ya shafa wa kowace mahaɗa yana jiran kumfa ta tashi. In abin ya ɓuya, sai su ɗura iskar nitirojin su sa geji su zuba wa allura ido, in ta sauka akwai yoyo. Duk wannan ni a wurina bahon ruwan da Baba yake tsoma tif ɗin taya don neman huda ne aka canja wa kaya.

Wannan sanin ne ya ja mini. Mu masu faci, in huda ta yi ƙanƙanta, mukan jiƙa leɓe mu kai shi kusa da tif, don leɓe ya fi yatsa jin iska. Wata rana a bayan wani ofis na ji wani ɗan sauti a jikin noti, Abakar ya juya baya, sai na lashi leɓena na kai. Gas ya feso mini. Sanyi ne, amma ƙuna ya yi kamar an ɗora mini garwashi. Leɓen ya kumbura ya yi fari, kwana huɗu da cokali nake shan shayi. Usta ya yi mini faɗa sosai, ya ce da ido ne da na makance. Abakar kuwa daga ranar ya raɗa mini suna Leɓe, har masu shagunan layinmu suka ɗauka.

A kwanakin nan ne kewar gida ta kama ni da gaske. Ina son tuwon dawar Inna da miyar kuka, ina son jin ƙarar injin iskarmu, har warin solushan ɗin da muke manna faci da shi na yi kewa. Duk Juma'a bayan masallaci Baba zai kira, ya ce kowa lafiya, ya ce mutanen garin Kangire suna gaishe ni, sannan ya ce, "Makullin nan dai yana nan ko?" Ban taɓa gaya masa zancen Ɗanliti ba.

Saura kwana huɗu watana ya cika aka kira mu wani babban kantin magani. Mai shi wata Hajiya Ashta ce, mace mai tsafta da tsare gida. Esin da ke ɗakin ajiyar magungunanta sau uku Usta yana cika ta da gas, duk bayan kwana goma ko sha biyu sai sanyi ya ɗauke, magani kuma ba ya son zafi. Ta yi magana da Larabci a taƙaice, na ga fuskar Usta ta canja. Da muka zagaya baya wurin injin waje ya fassara mini.

"Ta ce wannan ne na ƙarshe. In ta sallame mu, duk shagunan da ta haɗa ni da su za su bi ta. Aikin ba zai ishi mutum uku ba, Sabi'u. Kai ka zo a baya, kai za ka tafi."

Bencin nan na ƙarƙashin darbejiya ya zo mini a ido, da Baba yana miƙo hannu ya karɓi makullinsa.

Tun safe suke abu ɗaya. Suka sake fasa bakin bututu suka ɗaure notuna, suka shafa sabulu a duk inda aka taɓa yin walda, ciki da waje. Suka ɗura nitirojin, muka zauna muna kallon allura har bayan azahar, ko motsi ba ta yi ba. Usta ya cire hularsa ya goge gumi. Ya ce a geji dai babu yoyo, shi bai san abin da zai ƙara ba. Suka zuƙe iskar da ke ciki, suka cika gas, sanyi ya kankama a ɗakin. Hajiya ta fito baya ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu. Abakar ya kwance tiyon geji daga bakin da ake ɗura gas, ya murɗa wa bakin 'yar hular da ke rufe shi, ya miƙo mini tsani.

Ni kuwa na kasa tafiya, hannuna yana ƙaiƙayi. A wurin Baba, in ka gama ba taya iska ka cire tiyo, aiki bai ƙare ba sai ka tofa yawu a yatsa ka ɗora a bakin bawul. Na sha ranƙwashi a kan wannan ya fi a ƙirga. Kuma tun makon farko na lura cewa bakin ɗura gas na esi bawul ne sak irin na taya, da ɗan harshensa a ciki. Sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Duk gwajin da suka yi, yau da sauran ranakun, tiyo yana ɗaure a wannan bakin. Tiyon ne yake toshe shi. Wuri ɗaya da ba a taɓa dubawa ba shi ne wurin da ake dubawa ta cikinsa.

Ban nemi izini ba. Na jingine tsani, na durƙusa, na kwance hular, na tofa yawu a yatsa na shafa.

Hajiya ta ja da baya ta rufe hanci da mayafi, tana faɗin wani abu da ba sai an fassara mini ba. A kantin magani, a gaban mai shi, baƙo ya zo yana tofe-tofe. Usta ya damƙi kafaɗata.

"Ka haukace ne? Tashi daga nan."

"Usta, don Allah duba. Minti ɗaya."

Yawun ya rufe bakin bawul ɗin, shiru. Can sai ya fara tasowa a hankali, ya yi ɗan ƙwai, ya fashe. Wani ya sake tasowa. Hannun Usta ya saki kafaɗata. Ya durƙusa kusa da ni, ya ce Abakar ya kawo sabulu. Aka shafa, kumfa ta tashi a sarari kowa yana gani. Ya juya hular bawul ɗin, ashe robar cikinta ma ta tsage.

Ban san sanda na fara surutu ba, Hausa tana zuba, ina nuna tiyo ina nuna bawul, baki har kunne. Usta ya ɗaga mini hannu, ya ce Abakar ya miƙo makullin bawul. Abakar ya zazzage akwatin aiki kaf, babu. An bar shi a shago, can ƙarshen gari.

Na zura hannu a aljihun rigar Malam Buba na ciro na Baba. Usta ya jujjuya shi, ƙarfen duk ya suɗe saboda tsufa, ya miƙo mini abina.

"Gwada."

Ya shiga daidai kamar don shi aka ƙera. Na murɗa, harshen ya ɗan ɗauru, kumfar ta ragu amma ba ta tsaya ba. Na ce robar harshen ce ta mutu, bari in ruga wurin mai facin da na gani a kwanar titi in karɓo sabo. Usta ya riƙo rigata. Ya ce na taya ba ya jure gas da mansa, kwana kaɗan zai narke, yana da na esi a aljihun akwati. Ya tara gas ɗin a injin waje ya rufe, ni na cire tsohon harshen na sa sabon da hannuna. Aka sake zuƙe iska, aka buɗe gas, aka cire tiyo. Na shafa sabulu da kaina. Muka yi tsugune mu uku muna kallo, babu ko ƙwayar kumfa. Aka sa sabuwar hula.

Amma esi ba ta shaidar mutum a rana ɗaya. Watana ya cika, Usta bai ce tafi ba, bai ce zauna ba. Na ci gaba da ɗaukar tsani, kullum ina ƙirga kwanaki, duk wayar da ta shigo masa sai in kasa kunne in ji ko Hajiya ce. Kwana goma, sha biyu, shiru. A rana ta sha biyar ya ce mu je mu gani. Muna shiga ɗakin ajiyar sanyi ya buge mu. Hajiya Ashta ta sa aka kawo mana zoɓo mai ƙanƙara, ta dube ni ta yi wata magana, Abakar ya fashe da dariya. Wai a gaya wa wannan ya riƙa yawo da sabulu.

Da muka zagaya baya, Usta ya sauke geji daga kafaɗarsa ya rataya mini a wuya.

"Auna. Gobe kuma za ka fara riƙe wutar walda."

Na ɗaura tiyo. Allura ta tsaya daidai inda muka bar ta.

Ranar ban jira Juma'a ba. Daga wurin Malam Buba, wanda ya ƙi yarda kowa ya sha shayi sai ya ji labarin ɗan yankinsu, na kira Baba bayan la'asar. Na zayyana masa komai, har Ɗanliti da barkono da leɓe. Ina jin injin iska yana aiki a bayansa, ya sa aka kashe. Ya saurara har na gama.

"Wato bayan an cire tiyo ka tofa wa bawul?"

"Na tofa, Baba."

"Su duk ba su tofa ba?"

"Ba su tofa ba."

Na ji yana gyaran murya, sau biyu.

"To, ka tsaya ka koyi sauran da kyau. Kada ka yi gaggawar dawowa."

Na ce, "Makullin fa, Baba? Akwai direban da zan ba ya kawo maka."

Ya ce, "Bar shi a wurinka, kai ne kake aiki da shi. Bencin nan kuma zan sa a shigar da shi gida, yana tare mini wuri."